Ɗalibi A Garin Da Babu Zango

Duk mutumin Arewa da ya taɓa sauka daga jirgin ƙasa a Badun ko a tashar Iddo ta Ikko, da 'yar jakarsa a hannu, ba shi da masani ko ɗaya, ya san tambayar da ake fara yi: ina ne Sabo? Da zarar an nuna masa hanya, rabin wahalarsa ta ƙare. Zai tarar da masallaci, da mai tuwo, da wanzami, da wanda zai ce masa sannu da zuwa da harshen da ya tashi da shi. Unguwar Sabo ta Badun tun shekarar 1916 take wannan aiki. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar ya fitar da littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda mai gida yake saukar da baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan aka karɓi kayansa bashi. Da wannan tsari aka riƙe fatauci tsakanin Arewa da Kurmi shekara da shekaru, kuma har yau Agege da Idi Araba da Shagamu da sauran zangogi suna cin moriyarsa.

To, ga shi zamani ya zo da wata irin tafiya wadda ba ta san mai gida ba, ba ta san dillali ba. Ita ce musayar ɗalibai, watau a ɗauki yaro ko yarinya 'yan sakandare, masu shekara 15 zuwa 18, a kai su wata ƙasa su yi karatun shekara guda a gidan mutanen da ba su taɓa gani ba, sa'an nan su komo gida. Misalin da ya fi shafar 'yan Arewa shi ne shirin da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda aka sa wa sunan Sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar, ana kuma kiransa YES a taƙaice. Daga 2003 aka shiga ɗibar ɗalibai daga ƙasashen da Musulmi suke da yawa. A Nijeriya, wata ƙungiya mai suna IRIS da ke garin Ames na Jihar Iowa ita ta riƙa kula da ɗibar yara daga jihohin Arewa irin su Kaduna da Sakkwato, da yawansu kuwa a ƙananan garuruwan Iowa aka sauke su. Akwai waɗansu shirye-shirye masu kama da wannan zuwa waɗansu ƙasashe, amma abin da yaro zai tarar kusan ɗaya ne.

Uban da aka ce masa za a kai ɗansa, balle 'yarsa, wani ƙaramin gari inda ba Musulmi ko ɗaya, hankalinsa yakan tashi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Yakan ce da ma New York ce ko London, inda akwai masallatai da 'yan uwa, da ya fi samun natsuwa. Wannan lissafi irin na zango ne, kuma a nan ya kuskure. Ɗan kasuwa yana bukatar zango don ya tsare dukiyarsa. Ɗalibin da ya je sanin mutane, idan ya faɗa zango, zai komo kamar yadda ya tafi, sai dai sabuwar riga. Ƙaramin gari ya fi masa amfani. Sai dai amfanin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya saɓa da wani abu da ake ɗora yaran Hausawa a kansa tun suna rarrafe.

A fara duba wurin tukuna. Mutanen Iowa gaba ɗaya, bisa ƙidayar 2020, miliyan 3 ne da 'yan kai, ba su kai mutanen Badun na yau ba. Jiha ce ta manoma, ita ce kan gaba a Amurka wajen noman masara da kiwon alade, har aladun sun ninka mutane wajen sau bakwai. Ƙaramin garinsu yakan kasance titi ɗaya ne mai kantuna, da banki, da coci uku ko huɗu, da tankin ruwa mai sunan garin a jikinsa, da dogon rumbun hatsi, da makaranta. Bayan nan sai gonakin masara da waken suya iyakar ganin ido. Babu ɗan acaba, babu motar haya da za a tsayar, babu mai shayi a bakin titi, babu majalisar da ake zama bayan la'asar. Yaron da ya tashi a Agege, inda dare da rana ba a rabuwa da hayaniya, abin da yake fara damunsa shi ne shiru. Ba ya iya zuwa ko'ina sai an ɗauke shi a mota, domin galibin irin waɗannan shirye-shirye sun hana ɗalibi tuƙi. Kowa a garin ya san da zuwansa tun kafin ya iso, mai yiwuwa ma shi kaɗai ne baƙar fata a makarantar.

Mutanen gidan da suka sauke shi ba biyansu ake yi ba, dokar Amurka ta hana a biya su. Don ra'ayin kansu suka buɗe ƙofa. Wannan ya sa zumuncin ya fi na mai gida da baƙonsa a Sabo tsabta ta wata fuska, tun da ba la'ada a tsakani, amma ya fi shi saurin lalacewa, domin ba wata al'ada da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai.

A nan sharaɗin yake. Yaron Bahaushe mai tarbiyya an koya masa kara da kunya. Ba ya kallon babba cikin ido. Ba ya kiran sa'an ubansa da sunansa. Idan aka ce ya ci abinci a gidan baƙunta, yakan ce Alhamdu lillahi, ya ƙoshi, yana jira a matsa masa sau biyu ko uku. Idan yana jin sanyi ko ciwon kai ba zai faɗa ba, don kada ya ɗora wa masu gida nauyi. Idan aka yi masa abin da bai ji daɗi ba, sai ya haɗiye. Duk wannan a Kano ko Katsina shaidar ɗan mutunci ce, kowa zai sa masa albarka. A Iowa kuwa kowane ɗaya daga cikinsu yana da wata fassara dabam. Uwar gida ta ce ga abinci, ya ce ya ƙoshi, sai ta ɗauke kwanon ta sa a firji, domin a wurinta mutum abin da ya faɗa shi yake nufi, matsa masa kuwa rashin ladabi ne. Yaro ya kwana da yunwa yana cewa waɗannan mutane marowata ne. Mai gida yana yi masa magana, shi yana kallon ƙasa, sai mai gidan ya ɗauka ko dai yana ɓoye wani abu ko kuma maganar ba ta dame shi ba. Yaro ya shige ɗaki ya rufe ƙofa don kada ya takura wa manya, su kuwa suna zaune a falo suna tambayar juna laifin da suka yi masa. Kafin wata ɗaya, mutanen kirki biyu sun ɓata da juna ba tare da an yi musayar baƙar magana ko ɗaya ba.

Ba ana cewa a zubar da kunya ba ne, Allah ya kiyaye. Kunya manufarta girmama mutane da sauƙaƙa musu. Idan aka je inda sunkuyar da kai yake ɓata wa babba rai, to girmama shi a can shi ne a dube shi. Idan aka je inda shiru yake wahalar da mai masauki, to sauƙaƙa masa shi ne a buɗe baki. Mutanen Sabo sun riga sun san wannan darasi: ɗan Bayarabe yana kwanciya rub da ciki gaban dattijo, ɗan Bahaushe yana durƙusawa, ba wanda ya fi wani ladabi. Abin da ya kamata uba ya gaya wa 'yarsa ran tafiya ke nan. Idan ta ce, “Baba, yaya zan dubi tsabar idon mai gida ina gaya masa abin da ba na ci?” amsarsa ita ce a can haka ake nuna gaskiya, kuma gara ta faɗa a daren farko da ta bari sai an dafa an kawo gabanta.

Maganar addini, wadda ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali, ita ma yawancinta a kan wannan take juyawa. Naman alade a Iowa ba a faranti kaɗai yake zuwa ba. Yana cikin abin karin kumallo, yana kan burodin nan mai cuku da ake kira fiza, kitsensa yana shiga wasu gashe-gashe, har wasu alewoyi ana haɗa su da abin da aka tato daga fatarsa da ƙashinsa. Matar da ta yarda ta karɓi ɗan Musulmi a gidanta ba za ta ƙi canza tukunya ba, amma ba za ta san inda haramcin ya tsaya ba sai an yi mata bayani dalla-dalla, sa'an nan yaro ya koyi karanta abin da aka rubuta a bayan kwali. Batun yankan Ahlul Kitabi, wanda Suratul Ma'ida ta yi magana a kansa, malamai sun saɓa game da irin yankan injin na yau, saboda haka a tambayi malamin gida tun kafin a hau jirgi, yaro ya tafi da fatawa guda a hannu. Haka batun kare. Gidaje da yawa a can kare yana kwana cikin ɗaki, ana ɗaukarsa kamar ɗan gida, kuma yara da dama wannan ne yake fara firgita su. Alhali a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantarwa a zaurukan Arewa, duk mai rai mai tsarki ne, har da kare da yawunsa. Yaron da ya san haka ba zai kwana yana wanke tufafi ba. Ya isa ya roƙi a hana karen shiga ɗakin da yake salla, kuma wannan roƙo ne da ba wanda zai ji haushinsa.

Ko alƙibla ma sai an sake koyo. A ƙasar Hausa idan an ce mutum ya fuskanci gabas an san salla zai yi. Daga Iowa kuwa Ka'aba tana arewa maso gabas ne. Lokutan salla suna yawo sosai: a tsakiyar Disamba rana ba ta fi awa 9 da 'yan mintoci a sama, a Yuni kuwa takan kai awa 15, don haka nauyin azumi ya danganta da lokacin da Ramadan ya faɗo a shekarar. Azahar takan riski yaro a makaranta. Makarantun gwamnati na Amurka ba su hana ɗalibi yin sallarsa shi kaɗai, amma ba wanda zai nuna masa ɗaki idan bai je ofis ya tambaya ba. Juma'a kuwa, wanda yake nesa da masallaci Azahar zai yi, shari'a ba ta ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ba kuma jihar ce ba ta san Musulunci ba. A birnin Cedar Rapids akwai masallacin da baƙi daga Sham suka gama ginawa a 1934, yana cikin mafiya daɗewa a Amurka duka. Ɗalibin da ya gaya wa masu gidansa ranar Idi tun da sauran mako biyu, da wuya su ƙi tuƙa shi tafiyar awa ɗaya ko biyu zuwa inda ake salla. Wanda ya yi shiru yana jira su sani da kansu, zai yi Sallarsa a aji yana share hawaye.

Makonnin farko ba su ne masu wuya ba. A lokacin komai sabo ne, kowa yana son jin labarin Afirka. Wuyar takan zo ne wajen Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da ɗokin mutane ya kwanta, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, duhu yana shiga kafin ƙarfe biyar na yamma, sanyi yana sauka ƙasa da inda ruwa yake daskarewa na kwanaki a jere. Hunturun Jos wasa ne a kan wannan. A nan ne wani sabon zango yake buɗewa, wanda kakanni ba su sani ba, watau wayar hannu. Tsakanin Nijeriya da Iowa akwai awa 7 a lokacin sanyi, awa 6 a lokacin zafi. Yaro ya dawo daga makaranta ƙarfe uku da rabi, a gida goman dare ta wuce, uwarsa ba ta yi barci ba tana jiransa a WhatsApp. Kullum haka. Tana jin muryarsa ta yi sanyi sai ta fara kuka, shi ma ya fara. Jikinsa yana Amurka, zuciyarsa tana tsakar gida a Idi Araba, masu masaukinsa suna jin kukan ta bayan ƙofa da harshen da ba su fahimta. Ƙauna ce, ba shakka, amma ƙaunar da ke hana ciwo warkewa. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma ya kyautu a wani kiran a miƙa wa uwar gidan can wayar, iyaye su gaishe ta su yi mata godiya ko da da guntun Turanci. Wanda ya riƙe maka ɗa shekara guda kyauta ya wuce a sani ta bakin yaro kaɗai.

Maganin kaɗaici a irin wannan gari yana makaranta, domin makarantar ita ce kasuwa, ita ce dandali. Daren Juma'a a lokacin kaka gari duka yakan hallara kallon ƙwallon 'yan makaranta. Da sanyi ya shiga sai ƙwallon kwando da kokawa. Iowa ƙasar 'yan kokawa ce ta gaske. Ɗan jihar, Dan Gable, ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Munich a 1972 ba tare da wani abokin karawa ya ci maki ko ɗaya a kansa ba. Ɗan Sakkwato ko Argungu da ya saba ganin ana kai gwani ƙasa bayan girbi ba zai ji baƙunta a wannan fili ba, ko da dokokin sun bambanta. Wanda ba ya wasa akwai ƙungiyar muhawara, da ta manoma matasa, da aikin gayya na kwashe ƙanƙara daga ƙofar tsofaffi. Abin nufi shi ne yaro ya sami wurin da za a lura idan bai zo ba.

Tarihin ƙasar nan yana da misali. Dokta Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, ɗan baƙo daga Kudu da ke aiki a Arewa, ya kuma tashi da Hausa a bakinsa, watau kamar 'ya'yan Sabo ne aka juya. A 1925 ya isa Kwalejin Storer da ke Harpers Ferry, wani ɗan ƙaramin gari a Jihar West Virginia, a zamanin da wariyar launin fata take doka a wannan yanki. Ya sha talauci, ya yi aikin ƙarfi iri-iri don ya biya kuɗin karatu, amma ya shiga wasannin guje-guje ya cuɗanya da 'yan uwansa ɗalibai, su ne ma suka gajarta sunansa ya koma Zik. Da wannan laƙabi na 'yan makarantar ƙauye ya komo ya kafa jaridar West African Pilot a Ikko a 1937, da shi kuma ya zama Shugaban Ƙasa a 1963. Ba a yi wa wanda ya kulle kansa a ɗaki laƙabi.

Kada kuma a ɗauka ko'ina lafiya lau ne. Akwai yaron makaranta da zai yi wa yarinya ba'a saboda lulluɓinta. Tun bayan sace 'yan matan Chibok a 2014, ɗan Arewa da wuya ya tsira daga tambaya a kan Boko Haram, wani da neman sani, wani da izgili. Akwai gidan da zai matsa wa ɗalibi da zuwa coci fiye da gayyatar zumunci, akwai kuma wanda zai mai da shi ɗan aiki. Dokar da ke kula da irin waɗannan ɗalibai ta wajabta a naɗa wa kowannensu jami'i a yankin da zai riƙa tuntuɓarsa aƙalla sau ɗaya a wata, kuma ana iya canza wa yaro gida. Amma jami'in ba boka ba ne. Idan ya tambaya aka ce masa lafiya ƙalau, lafiya ƙalau zai rubuta. Haƙurin da ake yaba wa 'ya mace da shi a gida, a nan yana iya zama abin da zai cutar da ita, kuma wajibi ne uwa ta faɗa mata haka da bakinta, ta nuna mata cewa kai ƙara a wurin da ya dace ba tona asirin kowa ba ne.

Abin takaici shi ne yaran da suka fi kowa shirin wannan tafiya su ne suka fi wuyar samunta. Yaron Sabo ko Agege ya tashi da harshe uku ko huɗu: Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Turancin Buroka a titi, Turancin littafi a aji. Ya zauna benci ɗaya da Kirista tun yana firamare. Ya san yadda ake zama 'yan tsiraru ba tare da an yar da salla ba. Amma idan maganar tallafin karatu ta jiha ta taso, sai a nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Jihar da aka haife shi, inda ubansa yake biyan haraji shekara talatin, takan ce shi ba ɗan ƙasa ba ne. Jihar kakansa kuwa ba ta san makarantarsa ba, shugaban ƙaramar hukumar bai taɓa ganin fuskarsa ba, sanarwar ma kafin ta iso Kurmi an rufe karɓar takardu. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi.

Wannan aiki ne da Sarakunan Hausawa na biranen Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mile 12 da Bodija za su iya ɗauka ba tare da jiran Abuja ba. Kowace fada ta sami malamin makaranta guda wanda aikinsa shi ne bin sanarwar ofisoshin jakadanci da hukumomin tallafin karatu na jihohin Arewa, ya riƙe sunayen yaran unguwa da ke aji huɗu da biyar na sakandare, maza da mata, ya kuma sa a nemo musu takardar asali da fasfo tun kafin a bukata. 'Yan majalisar da ke zuwa Sabo neman ƙuri'a duk shekara huɗu a tambaye su matsayinsu kan ba wanda aka haifa a jiha haƙƙin ɗan jiha, su amsa a gaban jama'a. Makarantun Iowa a ƙarshen Agusta suke buɗewa, zaɓen ɗalibai kuwa ana fara shi ne tun watanni da yawa kafin nan.